Ba Kowane Zafin Ƙirji Ne Olsa Ba

Ina sabuwar fitowa daga makarantar jinya, wata rana da hantsi aka kawo mana wani mutum a bayan babur. Ɗan kasuwa ne, yana sayen busasshen kifi a bakin Logon, kusa da Kuseri, ya kai kudu. Ba zai wuce shekara 55 ba. Ya zauna a benci ya dafe ƙirji, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, alhali kuwa lokacin sanyi ne. Na ce, "Baba, me ke damunka?" Ya ce, "'Yata, olsa ce ta tashi. Tun daren jiya take cina. Ba ni farin maganin nan na ruwa in sha in tafi, motar kaya tana jirana."

Na ba shi. Na auna jininsa na ga ya hau, na ce ya rage gishiri ya dawo bayan mako guda. Bai dawo ba. Bayan kwana biyu ƙanensa ya zo ya ce mana ya faɗi a tasha, kafin a kai shi gida rai ya yi halinsa. Da muka zauna da ƙanen, sai ya ce ai wata shida ke nan yayansa in ya hau gangaren bakin kogi da kaya sai ya tsaya ya riƙe ƙirji, in ya ɗan huta abin ya sake shi. Yana shan taba tun yana saurayi. Mahaifinsu ma haka ya faɗi a gona.

Duk alamun da ke cikin littafinmu na makaranta suna jikin mutumin nan. Ni ce ban yi masa tambayoyin da suka kamata ba, domin a lokacin ni da yawancin abokan aikina mun ɗauka toshewar jijiyar zuciya ciwon Turawa ne, ko na manyan masu kuɗi na Yawunde da Duwala. Wannan ɗan littafi na rubuta shi domin ku san abin da ban sani ba a ranar nan: ana iya auna hatsarin ciwon tun mutum yana tafiya da ƙafarsa, kuma abin aunawar ba ya da tsada.

Yadda jijiya take toshewa

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya, ba ta hutu. Ita ce ke tura jini ko'ina a jiki, amma ita ma tana bukatar nata abinci. Akwai waɗansu ƙananan jijiyoyi da suka kwanta a bayanta suna kai mata jini. Likitoci suna kiransu koronari. Kaurinsu bai fi na bututun tawada da ke cikin biro ba.

Wanda ya taɓa noman shinkafa a Yagwa ko Maga ya san yadda magudanar ruwa take cikewa da laka. Ba rana ɗaya take cikewa ba. Kaɗan-kaɗan laka ke kwanciya, ruwa yana raguwa, har fadamar da ke ƙarshe ta fara bushewa. Haka maiƙon jini, wanda ake kira kolestarol, yake kwanciya a cikin bangon jijiya shekara da shekaru. Hawan jini, da hayaƙin taba, da sukari mai yawa a jini suna ƙuje bangon, sai maiƙon ya sami wurin kamawa.

Idan hanya ta ƙuntata, mutum yana zaune ba ya jin kome. Sai ya hau tudu, ko ya ɗauki buhu, ko ransa ya ɓaci, zuciya ta nemi ƙarin jini ba ta samu ba. Nan ne zai ji nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora masa dutse, ko kamar an ɗaure shi da igiya. Wani lokaci abin yakan miƙe zuwa hannun hagu, ko wuya, ko muƙamuƙi. In ya huta minti kaɗan sai ya lafa. Wannan gargaɗi ne. Shi ne abin da mai kifin nan ya yi wata shida yana ji.

Ranar da kwantaccen maiƙon ya tsage, jini yakan daskare a wurin ya rufe hanyar gaba ɗaya. Tsokar da ke bayan wurin takan fara mutuwa cikin abin da bai kai awa guda ba, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Wannan shi ne abin da ake cewa bugun zuciya. Irin wannan toshewa in ta faru a jijiyar ƙwaƙwalwa, ita ce ke kawo yawancin shanyewar ɓarin jiki. Tushensu ɗaya ne, shi ya sa za ku ga ina haɗa su a magana.

Kada a rikita shi da sauran ciwon zuciya da muka saba gani. Yaron da ciwon maƙogwaro ya ɓata masa ƙofofin zuciya daban ne. Mai jego da ƙafafunta suka kumbura tana haki bayan haihuwa, ciwon da likitocin Zariya suka yi bincike a kansa tun shekarun 1970, ita ma daban ce.

Daga ina muka sami cewa ciwon Turawa ne?

Maganar tana da asali, ba ƙarya aka yi mana ba. A 1929 wani likita mai suna Donnison ya auna jinin mutanen karkara a Kenya, ya ga jininsu ba ya hawa ko da sun tsufa. A 1959 wani likita, Shaper, da abokin aikinsa suka rubuta daga Kampala ta Yuganda cewa toshewar jijiyar zuciya kusan babu ita a cikin baƙaƙen fatar ƙasar. Mutanen nan suna noma da hannu, suna tafiya a ƙasa, abincinsu hatsi ne da wake da ganye. Kakanninmu ma haka suke.

Amma dubi kasuwar Kuseri ko ta Garwa yau. Tafiyar da dā ake yi a ƙasa, yanzu babur ne. Kowace miya da dunƙule uku ko huɗu. Shayi sau uku a rana, sukari kamar za a dama kunu. Taba kuwa kara ɗaya-ɗaya ake sayarwa, har yaro yana iya saya. Ga shi kuma, da ikon Allah da allurar rigakafi, mutane da yawa yanzu suna kaiwa shekarun da wannan ciwo yake kamu.

Akwai kuma wani dalili: abin da ba a nema ba, ba a ganinsa. A asibitin KCMC da ke Moshi a Tanzaniya, wanda majami'u suka kafa, likitoci sun gwada wani abu. Duk babban da ya zo sashen gaggawa da ciwon ƙirji ko haki, sai a liƙa masa wayoyin nan na zana bugawar zuciya, wato ECG, a kuma gwada jininsa a nemi wani sinadari da ke fita daga tsokar zuciya in ta ji rauni. Cikin mutum 681, an sami 152 da bugun zuciya, wato fiye da ɗaya cikin biyar. Kafin wannan gwaji, likitocin wurin da wuya suke rubuta sunan ciwon. Fiye da huɗu cikin goma na waɗanda aka samu da shi sun rasu cikin kwana 30. An buga sakamakon a 2020.

A Nijeriya kuma, Farfesa Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Sakkwato ya jagoranci tattara bayanin masu irin wannan ciwo daga 2013 zuwa 2018. Sun rubuta mutum 1,072. Da yawansu sun iso asibiti a makare, kuma kaɗan ne ƙwarai aka kawo a motar ɗaukar marasa lafiya. In haka take a Sakkwato da Kano, ba abin da zai sa ciwon ya tsaya a bakin iyaka.

Garin da ya ba da kansa a auna

A 1948, a wani ƙaramin gari mai suna Framingham a Amurka, mutum 5,209 masu lafiya suka yarda a riƙa auna su duk shekara biyu har ƙarshen ransu. Ana auna jini, da nauyi, da maiƙon jini, a tambayi mai shan taba da marar sha. Sai aka zuba ido a ga wa zai kamu. Bayan shekara goma sha, amsa ta fito fili: ciwon ba ya faɗa wa mutane barkatai. Ya fi bin mai hawan jini, da mai yawan kolestarol, da mai shan taba, da mai ciwon sukari. Har yau ana bin 'ya'ya da jikokin mutanen garin.

To, waɗannan Turawa ne. Mu fa? Wani babban bincike mai suna INTERHEART, wanda Farfesa Salim Yusuf ya jagoranta daga Kanada, ya amsa wannan a 2004. An ɗauki mutum wajen 15,000 da suka yi bugun zuciya a ƙasashe 52, aka gwama su da kusan yawansu na waɗanda ba su yi ba. Aka ga abubuwa tara ne ke ɗauke da kashi 90 cikin 100 na hatsarin, kuma abubuwan nan ɗaya suke a kowace nahiya. A ɓangaren Afirka kudu da Sahara, inda aka duba masu ciwon 578 a ƙasashe tara, abubuwa biyar kaɗai sun ɗauki kusan kashi 90: taba, hawan jini, ciwon sukari, teɓa, da lalacewar maiƙon jini. Masu ciwon na Afirka kuwa a tsakaice shekarunsu wajen 54 ne. Ba tsofaffi tukuf ba ne. Masu gida ne da ke biyan kuɗin makaranta.

Wani abu da ya fi tsaya mini a rai daga wannan bincike shi ne yadda abubuwan suke haɗa kai. Wanda ya haɗa taba da hawan jini da ciwon sukari, hatsarinsa ya ninka na marar ko ɗaya wajen sau 13. Shi ya sa ba ma duban abu ɗaya mu yanke magana. Mutum biyu suna iya zuwa da lambar jini iri ɗaya, in ce wa ɗaya ya je ya gyara abinci mu sake gani, ɗayan kuwa in ce ba zai bar nan ba sai ya ga likita.

Cikin biyar ɗin nan, hawan jini ne babban namu. Farfesa Samuel Kingue da abokan aikinsa sun auna mutum sama da 15,000 a biranen Kamaru, suka buga a 2015 cewa kusan uku cikin goma suna da shi, kuma mafi yawansu ba su san suna da shi ba. A 2018 wani bincike da Dakta Daniel Lemogoum ya jagoranta a nan yankinmu na Arewa Mai Nisa, birni da ƙauye, ya sami fiye da ɗaya cikin uku na manya da hawan jini. Ku ƙirga manya tara a layin masallaci ko a bencin majami'a. Uku daga cikinsu ke nan.

Takarda mai launi biyar

Manomi in ya ga hadari ya haɗo daga gabas, ba zai ce maka lalle gonar wane ruwa zai sauka ba. Amma ya san a kwashe shanya. Awon hatsari haka yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara sakamakon bincike iri-iri ta mai da shi takarda guda mai gidaje-gidaje masu launi. Ta fitar da ta farko a 2007, ta sabunta ta a 2019 da bayanin mutum sama da 376,000, ta kuma raba duniya yanki 21, kowane da tasa takardar. Kamaru da Cadi da Nijeriya da Nijar suna yanki ɗaya. An yi ta domin masu shekara 40 zuwa 74. Iri biyu ce. Ɗaya tana bukatar gwajin kolestarol da na sukari. Ɗayar kuwa an yi ta domin ƙananan asibitoci irin namu, ba ta bukatar ɗaukar jini. Abu biyar kawai take tambaya: shekarunka, namiji ne ko mace, kana shan taba ko a'a, lambar sama ta awon jininka, da nauyinka in an gwada shi da tsawonka.

Sai in bi da yatsa har in isa gidanka. In kore ne, cikin mutum 100 irinka, ƙasa da 5 ne za su yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a shekara 10 masu zuwa. Rawaya, 5 zuwa ƙasa da 10. Ruwan lemo, 10 zuwa ƙasa da 20. Ja, 20 zuwa ƙasa da 30. Ja mai duhu, 30 ko fiye. Abin da nake so da takardar shi ne ana iya nuna wa mutum da ido. In sa yatsa a gidansa na mai shan taba, in matsa zuwa gidan marar sha mai shekarunsa, ya ga inda zai koma. Na ga dattawan da wa'azin shekara goma bai motsa su ba, amma suka yi shiru suna kallon yatsan nan.

Takardar ba duba ba ce. Yawancin mutanen da aka gina ta a kansu ba 'yan Afirka ba ne, an daidaita lissafin ne da yanayin yankinmu. Ba ta tambayar ko mahaifinka ya faɗi yana da ƙuruciya, ko kana da ciwon ƙoda, ko jininki ya taɓa hawa lokacin ciki, ga shi kuwa duk waɗannan suna ƙara hatsari. Don haka ni nake tambaya. Wanda kuma ya riga ya yi bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko yake jin nauyin ƙirjin nan in ya yi aiki, ba ya bukatar takarda. Ya riga ya shiga sahun masu babban hatsari.

Game da awon jinin kansa: ku zauna ku huta minti 5 kafin a ɗaura muku abin awo, kada ku sha taba ko kofi ko ku ci goro gab da awon. Iyakar ita ce 140 da 90, wanda a nan muke cewa 14 da 9. Ba a yanke wa mutum hawan jini da awo ɗaya sai an maimaita a wata rana, sai dai in lambar ta yi tsanani ƙwarai. Sukari kuma, in an auna da safe kafin a ci kome aka sami giram 1.26 a lita ko fiye, aka maimaita aka sake samu, ciwon sukari ne.

Abin da aka gwada aka ga yana aiki

Maganin hawan jini shi ne na farko. Shekaru da yawa muna ba da magani bisa gwajin da aka yi a kan Turawa. A 2019 aka buga wani bincike mai suna CREOLE, wanda Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta, a kan baƙaƙen fata 728 a ƙasashen Afirka shida, har da Kamaru. An gwama haɗin magunguna biyu-biyu iri uku na tsawon wata shida. Haɗin da ke da amlodifin a ciki, ko da maganin sa fitsari ko da ferindofiril, ya fi sauke jini a kan haɗin da babu amlodifin. Shi ya sa za ku ga sunan nan a takardun magani da yawa. Wani lokaci yakan ɗan kumbura idon sawu. In haka ta faru ku zo ku faɗa, akwai abin da za a canza.

Matsalar da na fi fama da ita ba rashin magani ba ce, dainawa ce. Mutum ya sha wata guda, ciwon kai ya tafi, ya ce ya warke. Hawan jini ba zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana uku a gama. Ranar da ka daina, jinin yakan koma inda yake, kai kuwa ba ka ji. Na san kuɗi ne ke hana waɗansu, musamman da damina kafin amfani ya iso. Ku faɗa mana gaskiya, sau da yawa akwai irinsa mai araha. Masu azumi kuma ku zo tun kafin wata ya kama, a tsara muku lokacin sha tsakanin buɗa baki da sahur, domin maganin sa fitsari da zafin Kuseri ba sa shiri.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi guda, a duk abin da ya ci. Uwargida za ta ce ai ɗan kaɗan take sawa. Amma dunƙulen Maggi da 'yan'uwansa kusan rabinsu gishiri ne, kanwa ita ma tana ɗauke da sinadarin da ke sa jini hawa, ga kifi mai gishiri, ga yajin tsire da kilishi. A ƙasar Sin an gwada wani abu a ƙauyuka 600, mutum kusan 21,000: rabi suka ci gaba da gishirinsu, rabi aka ba su wanda aka rage ƙarfinsa aka gauraya da sinadarin fotasiyam. Bayan kusan shekara biyar, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a wajen na biyun. Irin wannan gishiri bai dace da mai ciwon ƙoda ba, ba shi nake ce ku nema ba. Abin lura shi ne ɗan canji a tukunya ya ceci rayuka. Ku rage dunƙule daga uku zuwa ɗaya, ku ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. Mako biyu ko uku harshe zai saba. Maigida kuma ya daina ƙorafin miya ta yi lami, domin yawanci shi ake ceto.

Ganye kuwa Allah ya hore mana. Wani bincike da aka yi a Gana da Nijeriya, har da asibitocin Kano da Zariya, aka buga a 2018, ya nuna masu cin ganye kullum sun fi tsira daga shanyewar ɓarin jiki. Zogale, yakuwa, rama, lalo, alayyahu, tafasa: abincin da waɗansu suke rainawa suna cewa na talaka ne. Tuwon dawa da na masakwa, da wake, da kifin Logon da na Lagdo, duk suna da kyau in ba a nutsar da su cikin mai ba.

Taba ba ta da ma'auni mai lafiya. A Ingila an bi likitoci maza sama da 34,000 daga 1951 har shekara 50. Masu shan taba sun rasu, a tsakaice, shekara 10 kafin marasa sha. Amma wanda ya daina yana da shekara 40 ya maido wajen 9 daga cikinsu, mai 50 ya maido 6, mai 60 ma ya maido 3. Shisha da samari suka ɗauka yanzu ita ma taba ce. Bilbil da arki kuma suna hawar da jini, kada wani ya ce muku giya maganin zuciya ce.

Akwai maganin rage maiƙon jini da ake kira sitatin. Gwajin da ya tabbatar da shi an jagorance shi daga Oslo ta ƙasar Norwe, ƙasar mutanen da suka kafa asibitin mishan na Ngaundere. An buga shi a 1994. Cikin mutum 4,444 masu ciwon jijiyar zuciya, waɗanda aka ba simbastatin mutuwa ta ragu a cikinsu da kashi 30 cikin 100 a shekara biyar da 'yan watanni. Yanzu ana ba da sitatin ga wanda ya riga ya kamu, da mai ciwon sukari da ya kai shekara 40, da wanda gidansa a takarda ya yi ja. An ma fara haɗa maganin jini da sitatin a ƙwaya ɗaya. A Iran an gwada haka a karkara, a kan mutum 6,838, manyan cututtukan zuciya da jijiya suka ragu da wajen ɗaya cikin uku a shekara biyar. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan ƙwaya a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Asfirin sai an yi hattara. Ga wanda ya taɓa yin bugun zuciya, ƙaramin asfirin kullum yana taimako, in likita ya rubuta. Amma mai lafiya da ya ji a rediyo ya fara sha da kansa yana iya jawo wa kansa zubar jini a ciki. A wani bincike da aka buga a 2018, an gwada shi a kan tsofaffi masu lafiya sama da 19,000 a Ostareliya da Amurka, bai ƙara musu kwana ba, zubar jini ne ya ƙaru. Haka kuma diklofenak da ibufurofen da ake saya a tire don ciwon jiki: suna hawar da jini, suna wahalar da ƙoda. Mai hawan jini ya nisance su.

In abin ya zo

Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce minti 15 bai lafa da hutu ba, da gumi mai sanyi, da tashin zuciya, da haki: wannan ba na jira har gari ya waye ba ne. Mata da tsofaffi da masu ciwon sukari wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, sai kasala mai tsanani, ko haki, ko zafi a bakin ciki. Nan ne ake cewa olsa. Bambancin da nake nema yanzu shi ne wannan: olsa tana bin abinci da yunwa, ciwon jijiyar zuciya yana bin aiki da hawan tudu.

Kada mai ciwon ya tuƙa babur ko ya taka da ƙafa. A zaunar da shi a jingine, a nemi abin hawa, a nufi asibitin da ke da na'urar ECG. In ba ya zubar jini kuma asfirin ba ya ɓata masa jiki, ma'aikacin lafiya zai ba shi wajen miligiram 300 ya tauna. Wani gwaji na mutum 17,187 da aka buga a 1988 ya nuna asfirin kaɗai, in an ba da shi da wuri, ya rage mutuwa da fiye da ɗaya cikin biyar. Amma in baki ne ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a ba da asfirin a gida, domin wata shanyewar daga fashewar jijiya take.

Akwai allurar narkar da gudan jini, amma ta fi aiki a awannin farko, bayan awa 12 amfaninta ya ragu ƙwarai. Aikin zura siririn bututu a buɗe jijiya kuwa sai manyan cibiyoyi, irin ta Shisong kusa da Kumbo, wadda aka buɗe a 2009. Daga Kuseri zuwa Marwa kaɗai sama da kilomita 250 ne, kun kuma san halin hanyar Waza. Mai zama a birnin Turai yana iya sakaci da awon jini ya dogara ga asibitin bayan gidansa. Mu nisa ya hana mu wannan. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya kai shekara 40 ya zo a auna shi sau ɗaya a shekara ko da yana jin kansa garau, ya zo da kwalayen duk maganin da yake sha, har na gargajiya, da ɗan littafin da za a riƙa rubuta masa lambobinsa. Shugabannin majami'a da limamai da masu unguwa, in kun tara mutane kuka kira mu, na'urar awon tana shiga jaka.

Ƙanen mai kifin nan, a ranar da ya kawo mana labarin rasuwar, ban bar shi ya tafi ba sai da na ɗaura masa abin awo. Jininsa 17 da 10 ne, ga kwalin taba a aljihu. Sau uku yana dainawa yana komawa kafin ya rabu da ita. Yanzu furfura ta cika masa gemu, jikansa ne ke kawo shi a babur duk farkon wata, da littafinsa a cikin leda. Watan jiya na rubuta masa 13 da 8.